KWANO ƊARI A KABET, RUMBU BABU DAME

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya san ɗakin amarya a ƙasar Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji zuwa Jabo har Kuchi, ya san abin da ake kira jere. Langa bisa langa, samira bisa samira, kuloli da tangaran cike da kabet har suna taɓa rufi, alhali abin da ake ci da sha a cikinsa bai fi guda biyar ba. Sauran aikinsu ɗaya ne, a goge su ranar biki don 'yan ganin ɗaki su ƙidaya. A wannan gida kuma, kafin damina ta tsaya rumbu ya ƙare, maigida ya fara neman rancen hatsi. Wannan wace irin wauta ce?

Kowa ya san yadda kayan nan suke shigowa. Uwa ta yi shekaru tana zubin adashi, uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona, duk don kada a ce 'yarsa ta je gidan miji da ɗaki fayau. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya ɗaga bikin, wannan kaka zuwa waccan, yarinya tana zaune, saurayi yana yawo, Shaiɗan yana samun ƙofa. Wal'iyazu billahi. Abin ya kai a 2012 gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin kayan ɗaki kafin a iya aurar da zawarawa ta hannun Hisba. A 2023 kuma Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ta zartar da dokar rage almubazzaranci a bukukuwan aure da suna. Amma wace doka ce za ta shiga ƙuryar ɗaki ta ƙirga kwanoni? Babu, sai tsoron Allah.

Masu kare wannan al'ada suna cewa gadon iyaye da kakanni ne. To, waɗanne kakanni? Tambuwal dai ribaɗi ce ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, ba kasuwar tangaran ba. Shehun kansa, wanda ya rasu a Sakkwato a 1817, an san shi da gudun duniya, yana tufka igiya don ya ci daga guminsa alhali ƙasashe suna ƙarƙashin tutarsa. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin yadda mutane suka koma tara dukiya da neman sarauta, sai mutanen Kano suka tsayar da shi ya karantar da su. In gado ake nema, ga gado nan.

Kafin su ma, da me Nana Faɗima (RA) ta tare a ɗakin Sayyidina Ali? Ruwayoyi sun ambaci mayafi da salkar ruwa da matashin kai. 'Yar wa ta fi ta daraja? Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya tsayar da shimfiɗun gida a kan na miji da na mata da na baƙo, ya jingina na huɗu ga Shaiɗan, malamai kuma suka bayyana cewa ana nufin abin da aka ajiye don alfahari ba don buƙata ba. Sura guda ce sukutum a Alƙur'ani, Suratut Takasur, ta sauka a kan gasar tarawa.

Wasu kuma suna cewa ai kwanonin nan asusun mace ne, in ta shiga matsi sai ta ba dillaliya. Gaskiya ne mace tana buƙatar abin hannunta, kuma dukiyarta tata ce, miji ba shi da iko a kanta. Amma wane irin asusu ne wannan da ba ya haihuwa, yayinsa ke wucewa, tsatsa ke cinsa, ranar sayarwa kuma a taya shi da wulaƙanci? Tunkiya biyu ko keken ɗinki ko injin markaɗe sun fi kabet uku amfani gare ta da 'ya'yanta.

Sai dai kada wani matashi ya karanta wannan ya tafi gida ya fara yi wa mahaifiyarsa ko matarsa tsawa a kan kwanoninsu. Wannan zalunci ne da rashin ladabi, ba da'awa ba. Ya fara da shagonsa tukuna. Riguna nawa ke cikin akwatinsa da ya shekara bai sa ba? Huluna nawa, takalma nawa? Ga matacciyar rediyo, ga wayoyin hannu da suka lalace, ga tsohuwar tayar babur a bayan ƙofa, duk ana ajiye su da sunan wata rana, sun zama gidan kyankyasai da kunamu. A daidai wannan lokaci ga almajiri yana kwana a zaure da riga ɗaya cikin hunturu, ga mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai. Rigar da asu ke ci a akwati, ashe ba haƙƙinsu ba ce?

Saboda haka aiki uku ke gaban kowane ɗan'uwa. Na farko, kafin Juma'a mai zuwa ya zazzage akwatinsa, abin da ya shekara bai taɓa ba ya fitar, mai kyau ya ba mabuƙaci, ba tsumman da shi kansa zai ji kunyar karɓa ba. Na biyu, wanda ke neman aure ya aika manyansa su gaya wa surukai, cikin girmamawa, cewa ba ya son a ci bashi ko a taɓa gona saboda ɗakinsa. Na uku, kada bakinsa ko na 'yan'uwansa mata ya goranta wa amarya a kan ƙarancin kaya, domin tsoron wannan gorin ne ke tura iyaye cikin bashi.

Ranar da aka ɗauki mutum zuwa makwanci, likkafani kawai ke binsa, kabet da akwati kuwa magada ne za su yi rigima a kansu, shi kuma a tambaye shi ta ina ya samu, ta ina ya kashe. Allah Ya sa a gane, Ya ba da ikon gyarawa. Amin.