Wa Ya Busa Algaitar Nan? Darasin Da Faya-fayan Jaz Suka Koya Mana



A zamanmu na ƙarshen wata, wani dattijo daga cikinmu ya zo da kaset ɗaya tal. Shi kaɗai ya tsira daga akwatin mahaifinsa bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumbar 2024, sauran duk laka ta cinye su a Gwange. Da ƙyar muka samo rediyo mai cin kaset. Da aka kunna sai ga busar algaita da ganguna irin ta hawan salla, wadda ta sa kowa ya yi tsit. Ana gamawa wani matashi ya ce, “Baba, wane ne ya yi busar nan?” Muka dubi juna. Babu suna a jikin kaset ɗin, babu shekara, babu gari. Wanda zai iya ba da amsa ya riga mu gidan gaskiya.

Wannan tambaya ce ta sa yau za mu yi magana kan wani kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, wato jaz, domin ta fuskar adana sunan makaɗi sun yi abin da mu muka kasa.

A tsakiyar shekarun 1950 wani salon jaz ya ɓullo da ake kira hard bop. Mutum biyar ko shida ne ke haɗuwa: mai busa saksafon, mai busa ƙahon Turawa, mai fiyano, mai babbar garaya da ake jinginawa a ƙasa, sai mai ganguna. Babu kayan lantarki. Za su fara da take guda tare, sannan kowa ya fito shi kaɗai ya ƙaga nasa nan take, a ƙarshe su koma kan taken da suka faro. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu kalangu yana jin yadda babba ke ja, ƙanana na amsawa, zai gane tsarin. A taken Moanin' na mai ganguna Art Blakey, fiyano ne ke ba da waƙa, masu busa suna yin amshi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne rubutun da ke tare da faifan. An ɗauki Moanin' ranar 30 ga Oktoba, 1958, a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder, kamfanin Blue Note ya fitar da shi. Lee Morgan ne ya busa ƙaho, yana ɗan shekara 20. Benny Golson ya busa saksafon, Bobby Timmons ya kaɗa fiyano kuma shi ya tsara taken, Jymie Merritt na kan garaya. Sama da shekara 60 ke nan, amma yaron da ke zaune a Hausari da wayarsa zai iya sanin wanda ya yi me a wannan rana. Kaset ɗinmu kuwa bai kai wannan faifai tsufa ba, ga shi ya zama maraya.

Wani zai ce mene ne haɗinmu da kiɗan Amurka? Akwai haɗi, kuma su ne suka fara nemanmu. Art Blakey ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya ɗauki suna Abdullah Ibn Buhaina. A 1962 ya yi faifai mai suna The African Beat tare da wani makaɗi ɗan Najeriya, Solomon Ilori. Shekara guda bayan nan Blue Note ya fitar wa Ilori faifansa na kansa. Mai fiyano Randy Weston ya zo Legas a 1961, ya sake dawowa a 1963, ya koma ya yi faifan Highlife.

Amma wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, shi ma ya karɓi Musulunci tun yana matashi. Ya yi fice a saksafon da sarewar Turawa, kuma yana cikin ƙalilan da suka shigo da obo cikin jaz, wani abin busa mai bakin kara wanda ɗan uwan algaitarmu ne. Faifansa Eastern Sounds na 1961 har gobe ana sayensa. Ya yi shekara biyu cikin ƙungiyar Cannonball Adderley, yana kuma cikin waɗanda suka yi busa a The African Beat.

A 1981, yana da shekara 60 da ɗoriya, da digirin digirgir a hannunsa da suna a duniya, mutumin nan ya tattara ya zo Zariya. Ya zauna a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har 1985, yana bincike kan sarewar Fulani da kaɗe-kaɗenmu. A 1983 ya ɗauki faifan In Nigeria a Legas. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa, wanda ya fito a 1987. Ya rasu a watan Disambar 2013 yana da shekara 93.

Mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi. Dattijo ya haye teku ya yi shekara huɗu don sarewar da makiyayi ke busawa a bayan gari, mu kuma mai sarewar yana maƙwabtaka da mu ba mu taɓa tambayarsa wanda ya koya masa ba. Muna alfahari da Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, da Barmani Choge, kuma sun cancanta. To amma mutum nawa cikinmu zai iya lissafa masu kalangun da suka ɗauki Shata a waƙoƙinsa, ko matan da ke kiɗan ƙwarya a bayan Barmani? Galibin kaset ɗin da muka saya a kasuwa sunan mawaƙi kawai ke jiki. Yanzu da komai ya koma katin waya, sau da yawa ko wannan ma babu, sai lamba.

A nan Borno abin ya fi tsanani. Tun 2009 rikici ya tarwatsa garuruwa, makaɗan fada da na noma da na farauta da na biki suka watse, wasu suka shigo Maiduguri, wasu suka tsallaka iyaka. Da yawa sun ajiye sana'ar, 'ya'yansu sun kama tuƙin Keke Napep ko dako. Ambaliya ta zo ta share abin da ya rage a akwatuna. Masu algaita da ganga na 'yan uwanmu Kanuri, masu goge, masu kukuma, masu sarewa, duk wanda ya faɗi cikinsu da taskarsa yake tafiya.

Mun san akwai masu cewa ana fama da abin sawa a tukunya, ina ake ta kiɗa. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada, sai dai aikin da muke magana ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma ba ya jira, domin tsofaffin nan ba za su tsaya sai mun ƙoshi ba. Akwai kuma masu ƙyamar kiɗa saboda addini. Wannan fage na malamai ne, ba mu da hurumin fatawa, kuma ba mu ce kowa ya saurara ba. Abin da muke cewa shi ne cikin taken sarakuna da kirarin mafarauta da waƙoƙin gayya akwai sunayen kakanni, da zuri'a, da garuruwan da yau wasunsu kufai ne. Wannan tarihi ne, kuma namu ne.

Ba kuma muna cewa masu kamfanonin jaz waliyyai ba ne. Hank Mobley, mai saksafon da ya yi faifan Soul Station a 1960, ya rasu a 1986 cikin talauci, alhali faya-fayansa na ci gaba da kawo kuɗi. Ke nan rubuta suna kaɗai bai wadatar ba. Mu ɗauki kyakkyawan, mu gyara mummunan.

Ga shawararmu. Duk ɗan ƙungiya da ya san wani tsohon makaɗi ko mabushi a unguwarsu, ya je ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya ɗauke shi da waya a wuri mara hayaniya. Kafin a fara, a faɗi kwanan wata da wurin da ake. Shi kuma ya faɗi cikakken sunansa, garinsu na asali, sunan abin kiɗansa, wanda ya koya masa, da sunan kowane take da wanda aka yi wa. In su biyar ne, a ambaci biyar ɗin, har ɗan amshi. A ba shi abin goro mai mutunci, a kuma ba iyalinsa kwafi. A ajiye sautin wuri uku daban-daban, ɗaya a wajen gari, domin ruwa da wuta sun riga sun koya mana karatu. Masu tsofaffin kaset su kawo, mu juye su, mu kunna wa dattawa tun akwai masu gane murya.

Kaset ɗin Gwange shi za mu fara da shi. Za mu zaga da shi wurin tsofaffin unguwanni, ko Allah zai sa wani ya ji busar ya kira sunan mai ita. Wanda ke da lokaci ko rediyo mai cin kaset, ya sanar da mu a zama mai zuwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa Borno zaman lafiya. Amin.