RIJAU: A KEƁE FILIN JUJI TUN GIDAJE BA SU CINYE DAJI BA

Duk ɗan Arewan da mota ta taɓa shigar da shi Ikko ta hanyar Ojota ba ya bukatar yaron mota ya gaya masa an iso, domin hancinsa ne kan riga kowa ba shi labari. Jujin Olusosun ke nan, wanda aka fara zuba wa shara gadan-gadan a 1992. A lokacin wurin bakin gari ne, hukuma kuwa ta ɗauka ta kai ƙazanta inda ba za ta dami kowa ba. Kafin yaran da aka haifa a shekarar su isa aure, gari ya bi juji ya kewaye shi da gidaje da kasuwanni da tashoshin mota. A 1992 ba wanda ya yi zaton haka, amma a watan Maris na 2018 jujin ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye kwana da kwanaki. An sha yin alkawarin rufe shi, sai dai birnin da aka ƙiyasta yana fitar da shara tan 13,000 kowace rana ba ya rufe juji da fatar baki.

Abin da ya sa aka ɗauko zancen Ikko shi ne Rijau, da sauran garuruwan ƙasar Kontagora waɗanda 'ya'yansu suka cika Agege da Mile 12 da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal wajen neman abinci. Mai karatu yana iya cewa ina Rijau ina Ikko, kuma ina zancen juji ga mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, ga hanyar Kontagora zuwa Rijau wadda ta daɗe tana cin motoci da lokacin matafiya. Gaskiya ne tsaro da hanya su ne a gaba. Amma tsaro yana hannun soja da 'yan sanda, babbar hanya kuwa sai gwamnatocin sama. Shara ita ce aikin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma kai tsaye, ita ce kuma aikin da arahar yinsa take ƙarewa kullum aka ƙara aza harsashin gida ɗaya a bayan gari. Hasali ma rashin tsaron ya ƙara wa maganar nauyi, gama mutanen ƙauyuka da tungaye da aka tasa, cikin gari suke kwararowa, kowa da murhunsa da tokarsa da ledarsa.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Rijau mutum 176,000 da 'yan kai. Bankin Duniya, cikin rahotonsa na 2018, ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yana zubar da shara kusan rabin kilo a rana, kuma jimlar sharar yankin za ta ninka fiye da sau 3 kafin 2050. Ko da a ce tun 2006 ba a haifi ko jariri ɗaya a Rijau ba, wannan ƙiyasi ya kai tan 80 a rana, wato kusan tan 30,000 a shekara. To, an haihu, an kuma yi baƙi. Shin ina wannan shara take zuwa? Wace takarda ce a sakatariyar ƙaramar hukuma ta faɗi inda za ta riƙa zuwa nan da shekara 20? In akwai ta, a fito da ita a karanta wa jama'a a bakin kasuwa.

Abin takaici shi ne ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan ilmi. Tun kafin zuwan Turawa manoman kewayen Kano suke shigo da itace birni a kan jakuna, su koma da mangala cike da toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Da wannan taki suka riƙa noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, har masana na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi abin da awo da rubutu a shekarun 1960. Juji a wancan zamani dukiya ne, har rigima akan yi a kansa. A zamanin En'e kuwa akwai dubagari, wanda kan shiga gida ya leƙa randa da salga da kwata, wanda ya gaza kuma ya sha tara a gaban alƙali. Ba a cewa dubagari bai yi zalunci ba, ya yi, wasu ma cin hanci ne ya fi kai su gidajen mutane. Amma dai akwai wanda aka sani da aikin, akwai kuma wanda za a tuhuma.

Leda ce ta karya wannan tsohon tsari. Da ta shigo, ta zo da 'yar'uwarta ta fiya wata da robar lemo da batir da tsumman jarirai na kanti, sai juji ya daina ruɓewa. Manomin da ya kwashi irin wannan taki ya kai gona, leda ya shuka. Akuyar da ta haɗiye ta sai ta yi ta ramewa ciki a kumbure, mahauta sun fi kowa sanin abin da suke cirowa daga tumbin shanu. In aka cinna wa jujin wuta, hayaƙin ya bi mata da yara har ɗaka. In aka bar shi, ruwan farko ya kwashe shi ya cusa a lambatu. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Ikko ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024. Ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin hana leda shigowa, amma tana da ikon hana ta cakuɗuwa da taki.

Kada wani ciyaman ya ce ba aikinsa ba ne. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, tsabtar gari tana wuyansu. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ambaci kwashe shara da kula da bayan gida na jama'a ƙarara cikin ayyukansu. Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar fili a wajen birni domin amfanin jama'a, muddin za ta biya diyya. Uzurin da aka daɗe ana fakewa da shi, cewa gwamna ya riƙe kuɗi a asusun haɗin gwiwa, Kotun Ƙoli ta sare shi ranar 11 ga Yuli 2024 da ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, wannan kuwa wani abin faɗa ne na daban. Amma auna fili da kafa masa turaku bai kai kuɗin motar shiga ɗaya ta manyan sakatariya ba.

Maimakon haka, abin da masu mulki suka iya shi ne sharar Asabar. Gadonta aka yi daga Yaƙi da Rashin Ɗa'a na mulkin Janar Buhari da Idiagbon, wanda aka ƙaddamar a 1984, aka ƙara masa babin tsabta a 1985. Sai a tsare mutane a gida, a ɗauki hoton babban mutum riƙe da tsintsiya da farar riga, a yashe kwata a tara ƙazantar a bakin titi, sa'an nan kowa ya watse. Kwana uku iska da awaki da ruwan sama su mayar da ita inda aka ciro ta. Shekara 40 ke nan ana share gari ba a tanadi inda za a kai sharar ba. Haba!

Wata dabarar kuma ita ce kwangila. Mazauna Ikko shaidu ne. A 2017 gwamnatin Ambode ta ɗauko kamfanin Visionscape ta damƙa masa sharar gidaje, ta ture ƙananan 'yan kwangilar da suka saba da lunguna. A watan Janairu na 2018 ta haramta tura kura da baro domin kwasar shara, sana'ar da dubban 'yan Arewa suke ci da iyalinsu a kanta. Sakamakon bai ɓuya ba: shara ta hau kan tituna har tsakiyar manyan hanyoyi, kafin shekarar ta ƙare Majalisar Dokokin jihar ta nemi tsofaffin 'yan kwangila su koma bakin aiki. Alƙahira ta yi irin wannan kuskure a 2003, da ta ba kamfanonin waje aikin da Zabbalin, wato 'yan bolarta, suka gada kaka da kakanni. A Abuja kuwa, wadda aka yanki wani sashe na ƙasarta daga Jihar Neja, a watan Janairu na 2025 aka hana 'yan bola jari yawo cikin birni, aka rufe kasuwannin panteka na mako 2, saboda satar murafun ramukan titi da wayoyin lantarki. Ɓarayi suna nan cikin sana'ar, ba mai musu, kuma dillalin da ya sayi murfin gwamnati ya san abin da ya saya. Amma a kama ɓarawo da mai saye daban ne, a kori sana'a gaba ɗaya daban ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Waɗannan samari da ake kora su ne ma'aikatar sarrafa shara ta gaskiya a Nijeriya. Su ke tsince ƙarfe ya tafi masana'antar narka rodi, gwangwani da goran ruwa su tafi wurin maƙeran tukwane, roba ta tafi injin niƙa ta dawo bokiti da buta da silifa. Ba albashi, ba safar hannu, ba allurar rigakafi, ba takardar shaida. Wasu ƙasashe sun gane haka. A birnin Pune na Indiya mata masu tsintar bola sun kafa ƙungiya a 1993, daga baya hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta gama-kai mai suna SWaCH a 2008, suna bi gida-gida suna karɓar shara da katin shaida a wuya, masu gida suna biyansu. Brazil ta sa 'yan bolarta cikin dokar shara ta ƙasa a 2010. Ba wanda ya ce waɗannan wurare aljanna ne, amma sun mai da wanda ake kora abokin aiki.

Abin da Rijau take bukata bai fi ƙarfinta ba. A keɓe fili tun yanzu, nesa da rijiyoyi da rafi da fadama, a rubuta shi da sunan jama'a, a hana yanka fuloti kusa da shi ko da ɗan wane ne ya nema. A lura da iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, saboda haka juji ba ya zama a ɗayan waɗannan kusurwoyi biyu. A raba shara tun daga gida da kasuwa da mayanka, mai ruɓewa gefe guda, leda da ƙarfe da kwalba gefe guda. Mafi yawan sharar gari irin Rijau toka ce da ƙasa da ɓawo da kashin dabbobi, wato taki, a lokacin da buhun takin zamani ya gagari talaka tun bayan tashin farashi na 2023. A yi wa masu kura da 'yan bola rajista, a ba su rumfar awo a bakin filin. Sharar asibiti kuwa, allura da auduga, a ƙone ta daban a tanda. Ma'aikata ma ba sai an je nesa ba, ga makarantar horas da ma'aikatan lafiya nan a Tungan Magajiya, cikin ƙaramar hukumar. Sa'an nan a rubuta duk wannan, majalisar kansiloli ta zartar da shi ya zama doka, don kada sabon ciyaman ya zo ya sayar da filin ga mai gidan mai.

Su ma 'yan ci-rani ba su kuɓuta daga laifi ba, gara a faɗa. Mutum ya shekara 15 yana sayar da albasa ko canji ko gadi a Kurmi, ya tara abin da Allah ya hore masa, ya aika gida a saya masa fuloti. Ba ya tambaya ko hanyar ruwa ce, ko tsohon kududdufi ne da aka cike da shara. Ya ja katanga har kan lambatu, ya saki kwatarsa a ƙofar maƙwabci, ya koma Ikko yana zagin Yarabawa da ƙazantar gari. Kududdufan nan da ake cikewa su ne ke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayu na 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150 a cikin wannan jiha ta Neja, ta isa ta sa kowane mai gini ya sake duban inda ya aza tubalinsa.

Ƙungiyoyin 'yan asalin Rijau da Kontagora da ke Kudu, da rassan jam'iyya na Agege da Sabo da sauran zango-zango, suna da murya fiye da yadda suke zato, domin kuɗin da suke aikawa gida ne ke gina rabin sababbin unguwanni, 'yan takara kuwa har can suke bin su neman goyon baya. Idan ɗan takarar ciyaman ko kansila ko majalisar jiha ya zo fadar Sarkin Hausawa da buhun shinkafa da alkawari, a ajiye shinkafar gefe a tambaye shi: a wace shiyya ta gari filin jujin zai kasance, eka nawa ne, gonar wa za a karɓa, nawa ne diyyarta, kuma a wane wata za a kafa turakun. Sakataren ƙungiya ya rubuta amsar, ɗan takara ya sa hannu, a aika da kwafe ɗaya fadar hakimi, ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a liƙa a tashar motar Rijau.