Wasiƙa ga Masu Kula da Sarewa a Gidajen Tarihin Turkiyya



Sannunku da ƙoƙari. Kun tsare sarewar makiyayan Anatoliya daga gara da danshi, Allah ya saka muku. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ɗan katin da kuke ajiyewa a gefenta, wanda iyakar bayaninsa sarewa ce, ta itace ce, daga Anatoliya take. Shi ke nan?

Wane itace, erik ko shimshir? Wa ya fafe ta, a wane ƙauye? Muryar irin sarewar da ake kira dilli kaval tana fitowa ne daga ɗan guntun itacen da ake cusawa a bakinta, ya bar wa iska siririyar hanya zuwa kaifin 'yar tagar da ke jikinta. Gwani kan yi ta kankare wannan guntu har sai kunnensa ya gamsu. Ku kuwa kun juya wajen zuwa bango, kun haska ado, kun shafe sunan mai hannun. Wannan sakaci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Magabata ba haka suka yi ba. A 1936 Béla Bartók da Ahmed Adnan Saygun sun bi ƙauyukan yankin Adana da na'urar ɗaukar murya. Daga 1937 Muzaffer Sarısözen ya yi ta keta ƙasar yana tattara waƙoƙi, ana rubuta sunan kowane mai rerawa da garinsu. Laurence Picken, baƙo daga Ingila, ya fitar da babban littafinsa kan kayan kiɗan Turkawa a 1975, cike da awo da bayanin yadda ake ƙera kowanne. Da wahalar hanya suka yi wannan. Ku da kuke da kwamfuta a gabanku, me ya hana ku?

Ku yi haƙuri da zafin harshena. Na yarda tsohuwar sarewa ba ta son busa, domin danshin numfashi na iya tsaga busasshen itace. To, ai masu sassaƙa ba su ƙare ba. Ga Yaşar Güç na Niksar a lardin Tokat, wanda hukuma ta karrama saboda ƙirar kaval. Ku kai wa irinsa awon kowane rami, su ƙera kwafi, makiyayi ya busa, ku naɗi sautin ku ajiye a gefen akwatin da sarewar take ciki. Wadda kuka san maƙerinta, ku rubuta sunansa da ƙauyensu a katin. Wadda ba ku sani ba, ku koma ga takardun karɓar kaya, ku tambayi dattawan garin da aka samo ta tun suna da rai.

Wassalam.