Zuwa ga Masu Sassaƙe da Ganye na Gwarzo da Kabo

'Ya'yana da ƙannena,

Ba na musun amfaninku. Mai jego a Getso ko Garo, kafin ta ga likita ku take gani, kuma sabarar wankanta daga hannunku take fitowa. Allah ya saka.

Amma abin da kuke yi wa itatuwa ya isa. A bi hanyar Gwarzo zuwa Dayi a dubi maɗaci da marke da hano: an zagaye gindinsu da gatari, an ɗaye ɓawon tas. Ta cikin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa yake sauka zuwa saiwa. Wanda ya zagaye shi ya kashe itacen, ko da zai ƙara damina ɗaya a tsaye. Iyayenmu gabas da yamma suke sassaƙa, faɗin tafin hannu, da bisimilla, su shafe wurin da laka, ba sa komawa sai ya warke. Wasunku suna cewa camfi ne. To, wannan camfin ne ya bar muku itatuwan da kuka tarar. Likitan nan Bature, Dalziel, da ya wallafa sunayen tsirran Hausa a 1916, a bakin irin waɗannan dattawa ya ji su, har masana suka laƙaba wa hano sunansa. Yau jikokin dattawan nan ne ke cika buhu da ɓawon hano don dillalin birni. Kunya ba ta kama ku?

Ku gafarce ni, zafin abin ne.

Sai ganye. Tafasa da gasaya da lalo da yaɗiya su suka riƙe gidaje a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli a kwana lafiya. Yanzu manomi yana feshin ciyawa da safe, yaronku ya bi gefen gonar da yamma yana tsinka. Wanda ya saya don magani ko miya, guba ya kai gida. Ku tambayi mai gona kafin ku tsinka.

Amma itacen ya fi damuna. Tafasa tana dawowa kowace damina, maɗaci kuwa sai ya yi shekara da shekaru kafin ya zama abin sassaƙa. Don Allah ku zauna da shugabanninku da masu unguwanni a hana zagaye itace, kuma kowannenku ya dasa maɗaci ko hano a bayan gidansa a daminar bana.