Jama'a, Kada Mu Watse Bayan Dubiyar Farko

Mu mutane ne masu saurin kai ɗauki. Da zarar an ce mota ta kife da wane a hanyar Zariya, ko tirela ta bi ta kan ɗan wance a shataletale, kafin la'asar harabar asibiti ta cika maƙil. Wannan ya riƙo filas ɗin shayi, wancan ledar lemo da ayaba, mata sun jero kwanukan farfesu, har sai ma'aikatan jinya sun gaji da roƙon a rage a bar majinyaci ya huta. Ana ta "sannu da jiki", "Allah ya sa kaffara ne", "Allah ya kiyaye gaba". Hali ne na ƙwarai, Allah ya bar mu da shi. Amma mu ƙirga kwanakinsa mana. Cikar nan mako guda take yi, in ta daɗe biyu. Shi kuwa ƙashin cinyar babban mutum in ya karye, sai ya ci wata uku zuwa shida kafin ya haɗe yadda zai ɗauki nauyin mai shi. Wanda ya bugu a laka ko a kai, lissafinsa na shekaru ne, wani har ƙarshen rayuwa. To bayan mun watse, wa ya rage tare da shi?

Ga wanda ya rasu muna da tsari, kowa ya san aikinsa: masu wanka, masu haƙar kabari, masu shimfiɗa tabarmin zaman makoki, masu girki. Ga wanda ya tsira da rai ba mu da komai sai dubiya, alhali su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa wasu miliyan 20 zuwa 50 suna jikkata ba su mutu ba, da yawansu su ƙare da nakasa. Haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato 'yan makaranta, samari, da magidantan da suka fara ɗaukar nauyin iyali. Mun ga tankar mai da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024. Mun ga motar 'yan wasan Kano da ta faɗa ƙarƙashin gada a ƙarshen watan Mayun 2025, suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, mutum fiye da ashirin suka rasu. Ƙasa ta girgiza, an yi ta'aziyya, an ƙirga mamata. A irin waɗannan ranaku akwai waɗanda aka kwasa da sauran numfashi, kuma a kowace rana ta Allah ana kwasar irinsu a hanyar Abuja zuwa Kaduna, a hanyar Gusau, a hanyar Maiduguri, ba tare da ko rediyo ya ambace su ba. Saboda su nake wannan kira.

Ku shiga gidan ɗaya daga cikinsu wata biyu bayan sallama. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Yana kwance a katifa a ƙasa, ƙarafa sun tsattsaga ƙwaurinsa sun riƙe ƙashin ta waje, an lulluɓe da zani saboda ƙuda. Da can shi ne mai fita da Adaidaita Sahu tun asuba, ya kai wa mai babur balas da yamma, ya shigo da cefane. Yanzu mai babur ya karɓi abinsa ya bai wa wani, kuma ba za a zarge shi ba. Masan gidan na tsugunne ne, yana can ƙarshen tsakar gida, shi kuwa ba ya iya lanƙwasa gwiwa. Matarsa ce ke tallabo shi, ta miƙa masa fo, ta kwashe, ta wanke. Katin asibiti yana ƙarƙashin matashi, ranar komawa ta wuce da kwana goma, don babu kuɗin shatar motar da za ta kai shi, balle na hoton ƙashi da wankin ciwo. An sayar da waya, an sayar da tunkiya, gadon uwargida ya tafi, ana maganar filin gado. Babban yaron ya daina zuwa makaranta yana tura baro a kasuwa. In ka ce masa yaya jiki, zai ce maka da sauƙi, alhamdu lillahi. Ba zai roƙe ka ba. Mutumin da ya saba ci da guminsa, gara masa ya kwana da yunwa da ya buɗe baki.

Tun da ba zai faɗa ba, mu ne za mu tambaya, kuma mu san abin da za mu tambaya. Yaushe ne ranar komawa asibiti? Wa zai kai ka? Maganin da aka rubuta an saya duka ko rabi? Kuɗin haya yaushe zai ƙare? Yara suna zuwa makaranta? Mai tambaya irin wannan ya zo ɗaukar kaya ne, kuma mai gida zai gane.

Jinya mai tsawo aikin gayya ce, ba ta yiwuwa da hannu ɗaya. A samu mutum uku zuwa biyar masu amana, a ciki har da mace, su zauna da iyalin, su je su ji daga bakin likita abin da ke gaba: tiyata nawa ta rage, wata nawa za a yi ana gashin ƙashi, wane magani ne ba ya yankewa. Daga nan a san adadin da ake nema. Ni a ganina alkawarin wata-wata ya fi tarin kuɗi na rana ɗaya albarka. Mutum talatin da kowanne ya ɗauki naira dubu biyu duk wata har wata shida sun fi attajiri ɗaya da ya ajiye damin kuɗi a gefen gado ya tafi bai waiwayo ba, domin ciwon ba a rana ɗaya yake cin kuɗi ba. A buɗe littafi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a adana rasit, a karanta wa jama'a. Mutane sun sha ganin neman taimako na ƙarya a Facebook da WhatsApp har zukata sun fara bushewa, kuma maganin wannan shi ne lissafi a fili. Sannan don girman Allah a daina yaɗa hoton mutum jina-jina ko tsirara a gadon asibiti da sunan nema masa taimako. Yana da 'ya'ya, yana da surukai, wata rana zai miƙe ya shiga mutane. A nemi izininsa, a suturta shi.

Kuɗin nan da nake magana a kai, sau da yawa shi ne tsakanin mutum da ƙafarsa. Kowa ya san yadda abin ke faruwa. An faɗi kuɗin tiyata, dangi sun dubi juna, sai wani ya ce akwai mai ɗori a ƙauye kaza, hannunsa da albarka. A sa hannu a takarda a fitar da majinyaci. Ɗori sana'a ce ta gado, ban zo cin mutuncin masu ita ba. Amma karayar da ƙashi ya huda fata ya fito, ko wadda ta shiga gaɓa, ko ta ƙugu da gadon baya, ta fi ƙarfin karare da tsumma. In aka ɗaure tamau jini ya daina zagayawa, ƙafa ta kumbura, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, kafin a dawo asibiti nama ya mutu, babu abin da ya rage sai yankewa. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kuka da wannan. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, ana zuwa masa daga jihohi masu nisa, ga kuma asibitocin koyarwa a Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos. Ilimin gyaran yana nan. Abin da ke korar talaka daga bakin ƙofarsu kuɗi ne, kuɗin da sahu biyu na masallacin unguwa za su iya haɗawa in sun ƙudura.

Ku da Allah ya hore wa, ku tuna cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukuni takwas da aka halatta wa zakka, haka fakiri da miskini, kuma magidancin da haɗari ya kwantar yakan shiga sahun nan cikin 'yan watanni. Wanda ba shi da kuɗi yana da jini. Leda ɗaya ba ta rage lafiyayyen saurayi da komai, jiki yana mayar da ita, amma tana iya zama dalilin da za a shiga da mutum tiyata yau maimakon mako mai zuwa. Masu ilimin cikinmu kuma ku tsaya masa a kan haƙƙinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 ga motocin gida tun Janairun 2023, an yi ta ne domin a biya wanda motar ta raunata, amma sai an samu mai bin takardu, mai karɓo rahoton 'yan sanda da na likita. Mutumin da ke kwance ba zai iya wannan zirga-zirga ba. Lauyan unguwa, ma'aikacin banki, malamin makaranta, ga naku aikin.

Yanzu bari in yi magana a kan wadda kowa ke wucewa ta gabanta da "sannu da ƙoƙari": mai jinya. Galibi mace ce, mata ko uwa ko ƙanwa. A asibiti ita ce ke kwana a tabarma a baranda, sauro na cizo. A gida ita ce ma'aikaciyar jinya, ita ce mai girki, ita ce mai neman abin da za a girka. Wanda ya samu rauni a laka, ba ya iya motsa jikinsa, ana so a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ɗuwawu da dugadugai ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe, kuma gyambon nan yana kisa bayan haɗarin bai kashe ba. Ku lissafa: sau goma sha biyu a kwana ɗaya. Ga robar fitsari da ke son tsabta, ga wanka, ga canjin zanin gado. Wace mace ce za ta yi wannan ita kaɗai wata da watanni ba ta faɗi ba? 'Yan'uwa mata, ku raba kwanaki: yau tuwon gidan daga wajen wance, gobe wance ta kwashe wanki, jibi wata ta tafi da yaran. A sa wake, ƙwai, kifi, nono da ganye a cikin abin da ake kaiwa, domin ƙashi da tsoka da abinci suke ginuwa. Samarin majalisa, ku da kuke hira har ƙarfe ɗayan dare, ku karɓi daren. Biyu-biyu, ku koyi yadda ake juya shi daga wajen ma'aikatan asibiti, ku bar baiwar Allah nan ta yi barci ko na dare biyu a mako.

Haka batun gashi. Mutane na ganin in an cire ɗinki an gama, sai a daina zuwa. Gwiwar da ba a motsa ba sandarewa take yi, tsokar da ba ta aiki shanyewa take yi, sai ka ga ƙashi ya warke sarai amma mutum ya kasa tafiya. Mai mota a unguwa ya ɗauki ranar Talata, wani ya ɗauki Alhamis. Kafinta ya ƙera kujerar bayan gida mai rami. Birkila ya zuba gangare a ƙofar gida da ta masallaci yadda keken guragu zai wuce, siminti kaɗan ne.

Akwai kuma ciwon da hoto ba ya nunawa. Wani in ya ji ƙarar birki sai jikinsa ya ɗauki rawa. Wani ba ya barci, yana ta ganin fuskar wanda ya mutu kusa da shi a mota. Direban da fasinjojinsa suka rasu yana ɗauke da dutse a ƙirji ko da ba laifinsa ba ne. Wanda ya bugu a kai yakan canza hali, ya zama mai saurin fushi ko mantuwa, iyalinsa su rasa gane shi. Kada mu ce masa ya cika raki, kada mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Mu saurare shi, in abin ya yi tsanani mu kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Ku ɗauko bencin majalisa ku dawo da shi ƙofar gidansa. Ku tura shi zuwa Juma'a a kekensa. In ana shawarar aure ko rabon gado a dangi, a nemi ra'ayinsa kamar da, don ƙafa ce ta karye, hankalinsa da girmansa suna nan.

Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi, ku da kuke karɓar kuɗin tikiti kullum, ku ware wani abu domin 'ya'yanku da hanya ta kayar. Shugabannin kasuwa, ku riƙe wa mutum rumfarsa, ku sa yaro amintacce ya kula da ita har ya dawo. Wanda ba zai sake tuƙi ba a haɗa masa jari, teburin cajin waya ne, awo ne, keken ɗinki ne, abin da zai ci da kansa kada a wayi gari a gan shi a bakin danja yana miƙa hannu.

Masu unguwanni, limamai, fastoci, shugabannin mata da na matasa, 'yan agaji masu kaki: a cikin makon nan ku zauna ku rubuta sunan duk wanda haɗari ya kwantar a yankinku, har da baƙon da ba shi da dangi a gari, har da wanda ba addininku ɗaya ba. Ku raba gidajen a tsakaninku, kowane gida da mutumin da za a tambaya in an ji shiru. Ku sa ranar da za a karanta lissafin farko a gaban jama'a. Kada ku jira gwamnati ta fara, kada ku jira wani attajiri ya dawo daga tafiya. Ku sanar ranar Juma'ar nan, a maimaita ranar Lahadi, a fara karɓar alkawari nan take.