Magen maƙwabci ta cinye maka ƴan tsaki? Kada ka sa guba



Yau zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Kwanaki wani ɗan uwa ya kawo kuka a nan cewa magen maƙwabcinsa ta addabe shi, sai na ga yawancin amsoshin duk iri ɗaya ne, wai ya sa mata guba ya huta. Wani ma cewa ya yi a ja waya a kan katanga a jona ta da wutar nepa. Gaskiya ni ban yarda da wannan shawarar ba.

Na san zafin abin fa. Bara na zuba ƴan tsakin broila 50, cikin dare biyu muzurun maƙwabcina ya kwashe 11. Wallahi har na sayo maganin ɓera zan cusa a kan tarwada in ajiye masa. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗan maƙwabcin, yaro ɗan shekara uku, kullum yana gidana wajen wasa da yarana. Na ce to, idan shi ya riga muzurun tsintar abin fa?

Guba ba ta san wanda aka ajiye wa ba. Kajin gidanka za su iya tsattsage ta, akuyar wani ta lasa, ko ruwan sama ya wanke ta zuwa tankin kifinka. Maganin ƙwari irin su Sniper kuwa kaɗan ya isa ya kashe kifi.

Sai maganar doka, wadda da yawanmu ba ma tunawa da ita sai an kira mu ofishin ƴan sanda. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki kashe dabbar wani ko sa mata guba a matsayin laifin ɓarna, kuma zaluntar dabba laifi ne mai zaman kansa. Cewa ta ci maka kaji bai ba ka izinin yanke hukunci da kanka ba. Kai ne mai ƙara, sai ka koma wanda ake ƙara.

Ta waya ta fi muni. Wutar gida ta haura bolt 200, tana kashe babban mutum, balle yaron da ya hau katanga ɗauko ƙwallo. Idan rai ya salwanta, babu alƙalin da zai tsaya jin labarin ƴan tsaki. A shari'ar Musulunci ma kisan kuskure yana da diyya. Fasassun kwalaben da muke kafawa a katanga mai gajarta su ma a yi hattara da su.

Kuma duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare har ta mutu.

To mene ne mafita? Ka tsare naka:

1. Ka rufe ɗakin ƴan tsaki da ragar waya mai ƙananan ido, rabin inci, har sama da ƙarƙashin ƙofa. Makonnin farko ne suka fi haɗari.
2. Ka shimfiɗa raga a kan tankin ƙananan kifi. Za ta tare mage, ta tare tsuntsaye.
3. Mushen kaza, mataccen kifi da kayan ciki, a binne su da zurfi. Yawanci mu muke koya wa mage hanya da warin abin da muke zubarwa.
4. Ka samu maƙwabcinka ku yi magana cikin mutunci. Idan ya ƙi ji, akwai mai unguwa.

Ni haka na yi. Na je na ce, Malam, ga abin da ya faru. Ya ba ni haƙuri, har ya kawo rabin kuɗin raga. Tun daga nan ban sake rasa ɗan tsako ba. Muzurun yana nan yana yawonsa, yanzu ma shi ke rage min ɓerayen da ke fasa buhunan abinci.

Kaji in sun mutu za ka sake zuba wasu. Maƙwabci kuwa, da shi za ka ci gaba da zama.

Wa ya taɓa fuskantar irin wannan, kuma yaya kuka ƙare? Allah ya sa albarka a kiwonmu.