A tuna da matan da ke kwana da marayu

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan matan da ke zaune dare da rana tare da yara a gidajen marayu. Duk azumi da sallah muna ganin hotunan masu hannu da shuni suna sauke buhunan shinkafa da katan-katan na taliya a ƙofar waɗannan gidaje. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai da wuya ka ji mai kawo kayan ya tambayi matar da za ta dafa shinkafar nawa ake biyanta a wata, ko yaushe rabonta da barcin kirki.

Aikin jinya na yi har na yi ritaya, kuma har yanzu nakan je wani gidan marayu duba jarirai. A can na ga mace ɗaya da tsakar dare, jariri mai zazzaɓi a goye, wani a cinya tana ba shi madara, ƙafarta kuma tana jijjiga gadon na uku. Kafin kiran assalatu ta wanke kunzugu. Ta lallaɓa ta zare zanin gadon yaron da ya yi fitsarin kwance, don kada 'yan'uwansa su farka su yi masa dariya. Daga jin kuka ta san na yunwa ne ko na ciwon ciki. Inna yaran suke kiranta, kuma da gaske suke, domin ba su san wata uwa ba. Yawancin masu renon da na zanta da su zawarawa ne, suna da nasu 'ya'yan da suka bari a hannun dangi. Wasunsu a matsayin ma'aikatan wucin gadi aka ɗauke su, abin da suke samu bai kai Naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba.

Idan wahala ta ishi mai reno ta ajiye aikin, wa ya yi asara? Yaron da ya saba da bayanta. Na ga jaririn da ya ƙi abinci bayan tafiyar mai renonsa, ya yi ta kuka, daga baya ma ya daina kukan gaba ɗaya, wanda a wajen mai jinya ya fi kukan ban tsoro. An mayar da shi maraya karo na biyu.

Duniya ta riga ta ga ƙarshen irin wannan sakaci. Da gwamnatin Ceaușescu ta faɗi a Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara cunkushe a gidajen gwamnati, masu reno kaɗan suna karɓa-karɓa a kansu, ba mai ɗaukar yaro balle ya yi masa wasa. Binciken da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a 2000 ya nuna cewa yaran da aka mayar hannun iyayen riƙo tun ba su kai shekara biyu ba sun fi waɗanda aka bari a gidajen gwamnati ci gaban ƙwaƙwalwa. Abin da suka rasa a can shi ne mutum ɗaya da za su shaƙu da shi.

Akwai kuma tsarin da za a duba a nan kusa. Ƙungiyar SOS, wadda Hermann Gmeiner ya kafa a Ostiriya a 1949, ta shigo Najeriya ta Isolo da ke Legas, kuma tana da ƙauyukan yara a Gwagwalada da Jos, haka nan a Yamai da Tawa da Doso. Tsarinta shi ne uwa ɗaya ta zauna da 'yan yara a gida guda har su girma, ba a raba 'yan uwa ɗaya, kuma akwai mai karɓarta idan za ta huta. Hutun nan muke rainawa, alhali gajiya ce takan sa mace mai haƙuri ta ɗaga wa yaro hannu.

Muna da dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003, Kano ma ta yi tata a 2023. Ina roƙon ma'aikatun harkokin mata na jihohinmu su ƙayyade yawan jariran da mai reno ɗaya za ta riƙe, su wajabta ranar hutu a mako, su kuma sa albashin masu reno cikin sharuɗɗan yi wa kowane gidan marayu rajista. A horar da su a kan haɗa ruwan gishiri da sukari da gane alamun rashin lafiyar jariri. Masu kai sadaka kuma, in sun sauke buhu, su tambayi shugaban gidan ko an biya masu reno kuɗin watan jiya, in ba a biya ba su fara da wannan.

Taka,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Kano